Turmi Huɗu a Ƙugun Hajja Ladi

Duk shekara sai an turo mana yara koyon aiki a gidan rediyo, kuma duk shekara tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a ba su makirfo. Ni kuma sai in ce su fara nuna mini takalmansu. Sai su yi dariya, suna zaton tsufa ne ya fara taɓa ni. Wanda ya zo da takalmin da ba zai iya takawa da shi daga unguwar Pumpumre zuwa babbar kasuwa da tsakar rana ba, bai zo aikin jarida ba, ya zo a ji muryarsa ne. Ku a ganinku aikin nan magana ce. Magana kuwa ko aku yana yi, kuma ba a biyansa albashi.

Sunana Sale. Kakana daga Kano ya zo Garwa da fataucin goro, ya ga gari ya yi masa, ya zauna. Gidanmu kowa ɗan kasuwa ne, har mata, ni kaɗai na lalace na shiga lekol, wato makarantar boko. Da na gama aka ɗauke ni a gidan rediyon lardi in riƙa juya labarai daga Faransanci zuwa Hausa. A lokacin Faransanci ne ke cin tuwon ya ƙoshi, Fulatanci ya ci saura, mu Hausa a kankaro mana ƙanzo: kwata ɗaya na awa a yini. A cikin kwatan nan za ka cusa labarin duniya, da na gwamna, da sanarwar jama'a, wadda muke kira komunike.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Rakoda ce mai nauyin ɗan akuya, kana rataya ta a kafaɗa, da kaset, da biro. Biron ba don rubutu kaɗai ba, da shi ake mayar da kaset baya don kada batir ya ƙare. In batir ya mutu a shanya shi a rana, ya farfaɗo ya ƙara maka minti biyar. In zaren kaset ya tsinke, reza da salatif. Na taɓa haɗa jawabin wani babba da salatif har wuri bakwai, kuma da aka saka shi ya fi yadda ya faɗe shi ma'ana.

Komunike ita ce ainihin kasuwarmu. Mutum zai zo da takarda a ninke: an haifi wane, saniyar wane ta ɓata mai farin goshi, wane ya rasu za a yi sadakar uku ranar kaza. Masu ɓatan shanu sun fi kowa dogon bayani, mutum ya kwatanta maka saniya tun daga ƙaho har wutsiya, amma ka tambaye shi shekarun ɗansa ya ce sai ya tambayi uwar. Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Garga, mai karanta Fulatanci, dogo, marar fara'a, wanda a shekara goma da na yi tare da shi sau biyu na ga haƙoransa.

Wata na huɗu da fara aikina wani mutum mai babbar riga ya kawo sanarwar rasuwar Alhaji Buba mai shanu. Ya biya, na karɓa, na karanta da murya mai taushi yadda ya kamata, har na ƙara da Allah ya sa ya huta. Washegari da hantsi ina zaune sai ga wani dattijo ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a kujerar baƙi.

Ya ce, "Kai ne Sale?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "Ni ne Alhaji Buba. Na zo in ji ƙarfe nawa ne jana'izar, kada in makara."

Ashe ƙaninsa ne ya kawo takardar. Suna da wa a Meiganga da ya yi shekara da shekaru bai zo gida ba, an aika an aika ya ƙi, shi ne ƙanin ya ga babu abin da zai taso shi sai mutuwa. Ya kuwa taso, da matansa biyu da buhun masara na sadaka. Alhaji Buba bai kai ƙara ba, sai dai har ya yi mutuwar gaske, in muka haɗu a hanya yakan ce, "Ga mai kashe ni nan."

Malam Garga bai yi mini faɗa ba. Bayan Alhajin ya fita sai ya dube ni ya ce, "Ka ga tabarma?" Na ce wace tabarma? Ya ce, "Gidan da aka yi mutuwa ana shimfiɗa tabarma a ƙofa, maza su zauna karɓar gaisuwa. Kafin ka kashe mutum a rediyo, je ka ga tabarma." Daga ranar duk takardar mutuwa da aka kawo, sai na taka na je unguwar. Daga baya na gane ba mutuwa kaɗai yake nufi ba. Gobara tana da tabarmarta, tashin farashin gero yana da tasa, alkawarin ɗan siyasa ma yana da tasa, ko da yake wannan ba kasafai ake samunta a shimfiɗe ba.

Da aka ba da izinin buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, na koma wani ƙarami a Pumpumre, inda Hausa ta samu awa guda cur da labaran ƙarfe goma sha biyu. Sai wayar hannu ta shigo, kowa ya zama ɗan jarida. Da can jita-jita da ƙafa take tafiya, kana iya hawa moto, wato babur, ka riga ta isa. Yanzu kafin ka ɗaura takalmi ta kai Marwa ta dawo.

Muguwar shekara ita ce wadda mutanen daji suka fara aiko mata da 'yan mata da bam a ɗaure a jiki, suna tashi da mutane a kasuwanni can arewa da mu. Da abin ya taɓa Marwa, Garwa ta daina barci da ido biyu rufe. Kowa ya ce saura mu. Aka hana rufe fuska, aka sa masu laluben jiki a ƙofar masallaci da ƙofar kasuwa. Hukuma ta aiko mana da komunike: duk wanda ya ga baƙuwar fuska, ko mace mai kaya a jiki fiye da kima, ya nisance ta ya sanar da jandarma. Ni na juya ta zuwa Hausa da hannuna, ni na riƙa karanta ta sau uku a yini. Ku riƙe wannan, don abin da ya biyo baya da sa hannuna a ciki.

Ran nan ranar kasuwa ce, sha ɗaya ta ɗan wuce, ina shirya labaran sha biyu. Wayar ofis ta yi ƙara, ta kuma yi, wayoyin aljihunmu suka kama. Maganar ɗaya ce: an ga 'yar ƙunar baƙin wake a tashar motocin Mayo-Ulo da ke nan cikin Garwa. Ta sauko daga mota, cikinta a kumbure ƙarƙashin hijabi, an ce ta ɗaga ta ƙi, ta nemi benci ta zauna.

Direktanmu a lokacin wani matashi ne, Abbo, yaro mai hankali, ba na zarginsa. Ya shigo da gudu ya ce, "Baba Sale, katse waƙar nan, ka shiga ka faɗa. Tashar nan jifa ɗaya ce da kasuwa."

Na ce, "Wa ya gani?"

Ya ce, "Mutum goma sun kira!"

Na ce, "Goman nan, wa ya ga bam, wa ya ga mai gudu?"

Ya ce, "Baba, in ta tashi da mutane alhali muna da labari muka zauna a kansa, me za mu ce wa Allah?"

Tambaya ce ta gaskiya. Abin da na sani shi ne kasuwar Garwa a ranar cike take, ƙofofinta ƙanana, kuma kowane mai shago yana da rediyo a kunne. In na ce bam da bakina, ba sai bam ya tashi ba, turmutsitsi kaɗai ya isa ya tattake yara da tsofaffi. In kuma na yi shiru ya zama gaskiya, jinin yana wuyana. Na tambaya ko an kira jandarma, aka ce sun riga sun tafi. Na ce wa Abbo ya ba ni zuwa sha biyu, in ban dawo ba ya faɗi abin da ya ga dama. Na ɗauki rakoda na hau moto.

Da na isa tasha na tarar an yi da'ira, mai faɗin filin ƙwallo. A tsakiya, ƙarƙashin darbejiya, mace ce ita kaɗai a kan benci da koren hijabi har ƙasa. 'Yan moto sun tara duwatsu a hannu, kowa yana jiran wani ya fara. Jandarma biyu sun laɓe bayan wata babbar mota, bindiga a saite, suna yi mata tsawa da Faransanci ta ɗaga hijabi. Wasu suna maimaita mata da Fulatanci. A gefen jandarman akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, mutumin kudu, wanda ya zo kallo. Na ji babban jandarman yana cewa in ta miƙe tsaye za su harba.

Na kutsa gaba na dube ta da kyau. Tsohuwa ce, za ta yi sittin. Fuska a rame, wuyan hannu kamar sillen kara, amma daga ƙirji zuwa ƙugu sai ka ce mai cikin wata tara. Gumi yana zuba mata. Abin da ya tsayar da ni shi ne zamanta. Ta zauna a bakin benci, baya a miƙe sak, ba ta iya jingina, ba ta iya sunkuyawa, ƙafafu a ɗan ware. Na san zaman nan tun ina yaro.

Mahaifiyata, Hajja Kande, atamfa take sarowa daga tsallaken iyaka. Matan hanyar nan suna da dabararsu tun kafin a haife ni: a warware turmin atamfa, a naɗe shi a jiki tun daga ƙirji har ƙugu, a ɗora wani a kai, a rufa da mayafi. Ɗan duwan namiji ne, ba zai taɓa matar mutane ba, sai ya ga Hajja mai ƙiba ya ce a wuce. In ta iso gida yayyena mata su kama bakin zanen suna ja, ita kuma tana juyawa kamar mazari, har ta koma siririyarta. Duk Bahaushen kasuwa a Garwa ya san wannan, kuma ba a faɗa.

Sai dai wadda aka ɗaura wa bam ita ma haka za ta zauna, a miƙe, tana gumi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro. Ban ga tabarma ba tukuna, na dai hango abin da ya yi kama da ita.

Na san ɗan duwan ɗin ba ya jin Hausa. Na ɗaga murya na ce, "Hajja, barka da hanya! Turmi nawa ne?"

Ta juyo. Ta dubi ɗan duwan, ta dube ni. Ta ce, "Kai ɗan wane ne?"

Na ce, "Ɗan Hajja Kande mai atamfa."

Ta ce, "Allah ya jiƙan Kande." Sannan ta ce, "Huɗu."

Ko mai bam tana iya cewa huɗu. Sai na ce, "Na saya, jaka uku-uku."

Nan take tsohuwar nan, da bindiga biyu a kanta da duwatsu sun fi ɗari, ta ɓata rai. Ta ce, "Kai ɗan nan ba ka da kunya? Jaka uku? Wannan ba ta zuba, ko a Kano ba ka samunta haka. Uwarka ma ba ta taɓa yi mini irin wannan tayin ba!"

Wanda ya zo mutuwa ba ya jin haushin tayi. Na je wurin babban jandarman na ce masa da Faransanci zane ne a jikinta, ya ba ni minti biyar, ni zan je. Ya ce in ta tashi da ni, ruwana. Na taka filin nan ni kaɗai, kuma ban taɓa sanin tashar Mayo-Ulo tana da faɗi haka ba sai ranar. Na zauna kusa da ita a benci. Ta ce sunanta Ladi. Na ce, "Hajja Ladi, me ya hana ki ɗagawa?" Ta ce, "In tuɓe a gaban maza? Ga kuma wancan yana tsaye, jarina ke nan duka." Ita duk tsawon lokacin nan lissafin duwan take yi, ba ta yarda cewa da gaske za a harbe ta ba.

Na nemi mace ɗaya ta zo ta taimaka, aka rasa. Daga baya na ji cewa mata uku da suka zo mota ɗaya da ita suna cikin taron, sun san komai, amma kowace da turmi biyu a jikinta, sai suka ja bakinsu. Ita tsautsayinta shi ne ta naɗa huɗu a jikin da ba shi da nama. A ƙarshe wata mai ƙosai ta ajiye matsaminta ta zo. Aka kare su da tampol, mai ƙosai tana ja, Hajja Ladi tana juyawa, atamfa tana fitowa ta ƙarƙashin tampol kala-kala. Da turmi na biyu ya fito wani ya fashe da dariya, sai kowa ya kama. Duwatsu suka riƙa faɗuwa ƙasa a hankali, kowa yana yar da nasa kamar ba shi ya ɗauka ba. Ɗan duwan kuwa, da ya tabbata babu abin fashewa, sai jarumtarsa ta motsa, ya zo ya kwashe turmi huɗun.

Ina shirin hawa moto ta riƙe mini hannun riga. Ta ce, "Ɗan Kande, kaya sun tafi, sun tafi. Amma don Allah kada ka faɗa a rediyo. Ka ce kuskure aka yi kawai. Mata nawa ke ci da wannan hanyar, zawarawa da masu marayu. Uwarka da shi ta biya maka lekol."

Gaskiya ta faɗa, da shi aka biya. Minti goma ne daga tasha zuwa Pumpumre, a cikinsu na yi shawara. Kafin in isa, wayoyi sun riga sun ce an kwance bam uku daga jikinta, wasu sun ce ta tashi da mutum ashirin. In na ce kuskure ne ban faɗi dalili ba, za a ce gwamnati ce ta sa mu ɓoye, kasuwa ta watse duk da haka. Sannan gobe wata motar za ta zo da wata Hajjar a naɗe, kuma ba dole ne a samu ɗan mai atamfa a wurin ba. Mutanen nan da duwatsu ba daga sama suka faɗo ba, ni na yi mako da makonni ina gaya musu su lura da mace mai kaya a jiki.

Na shiga saura minti biyu. Abbo ya dube ni, na ce masa babu komai, na zauna. Na ce: "Jama'ar Garwa, daga tashar Mayo-Ulo nake, da ƙafata na je. Babu bam, ba a kama bam ba, babu wanda ya ji rauni. Wata baiwar Allah ce ta naɗo atamfa turmi huɗu a jikinta, na gani da idona. Kowa ya zauna a shagonsa. Iyayenmu mata masu wannan sana'a, ku yi wa Allah ku daina naɗa kaya a jiki a wannan lokaci, yau saura ƙiris a kashe ɗayarku." Na maimaita sau uku, aka juya shi da Fulatanci da Faransanci. Ban faɗi sunanta ba, amma kafin la'asar babu wanda bai sani ba.

Kasuwa ba ta watse ba. Duwan kuma suna jin rediyo, cikin 'yan makonni suka sa mata ma'aikata a kan hanyar, sana'ar da ta girme ni ta mutu a bakina. Yayata Asabe, wadda ta gaji mahaifiyarmu a harkar, ta yi Salla biyu ba ta amsa gaisuwata. Hajja Ladi ta koma sayar da daddawa da kuka a faranti. Ta aiko direban mota takanas ya same ni a ofis, ya ce, "Hajja ta ce a gaya wa ɗan Kande, Allah ya isa." Ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Iyakar sanina ba a jefi wata mace a hanyar nan ba bayan wannan, amma abin da bai faru ba ba a yi wa mutum godiya a kansa. Abin da na samu kawai shi ne, har shekarar ta fita, in jita-jita ta tashi sai a kira ofis a ce, "Sale ya je?"

Bara, wata mata ta kawo takardar mutuwa, ta ce sai ni za ta ba. Na buɗe na ga sunan Hajja Ladi, ta rasu a gidan 'yarta a nan Garwa. Na ɗauki moto na bi ta, ko da yake yanzu gwiwa ba ta son hawa. Tabarma tana nan a ƙofa, maza suna zaune. Na yi gaisuwa, na yi addu'a. 'Yar ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Baba, ta bar maka saƙo. Ta ce Allah ya isan nan ta janye, amma turmi huɗun ba ta manta ba."

Na ce na gode.

Ta ce, "Ta kuma ce kai za ka karanta sanarwar, ba yaran nan ba. Ta ce in kai ka ce ta mutu, mutanen Mayo-Ulo ba za su tsaya tambaya ba, mota za su hau."

Na karanta a labaran sha biyu. Ranar sadakar uku na koma gidan, ina zaune a tabarma motoci biyu suka tsaya daga Mayo-Ulo. Mata ne cike, tsofaffin abokan sana'arta, suka riƙa saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙugunta daidai da jikinta. Na miƙe na gaishe su duka. Uku kawai suka amsa.